Jinyar Innata bayan ɓarin jikinta ya shanye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar fari ce a wajen Innata, duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu ya san me hakan yake nufi. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma duk da tsakar gida ɗaya muke da Inna. Inna bata kiran sunana, in tana son aikena sai tace da ƙanwata "ki ce wa waccan ta zo", in baƙi suka tambaye ta ina 'yarki sai ta sunkuyar da kai ta kama wata maganar. Ba ƙi bane, kunya ce irin ta mutanen da, dan ta kan ajiye min ɗumame a ɓoye ta ba yaro ya kawo min. Ko ranar da za a kai ni ɗakin miji bata fito ba. Haka muka rayu har na haifi nawa 'ya'yan, gaisuwa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, shikenan.

Inna tana da hawan jini, an faɗa mata tun da daɗewa a ƙaramin asibitin da yake kusa da mu. In kai ya dame ta ta sha ƙwaya, in ya lafa ta ajiye tace ai ta warke. Yawancin iyayenmu haka suke yi, basu yarda cewa maganin kullum ake shan sa ko mutum yana jin kansa garau ba. Daminar 2022 da aka yi ambaliyar nan da ta ci gonaki da gidaje a Ringim da Haɗejia da sauran garuruwan bakin kogi, mu ma ruwa ya cinye mana gona, katangar gida ta zube ta gefe ɗaya, hanya ta yanke, zancen zuwa karɓo magani ma bai taso ba. Ruwa ya fara janyewa kenan, wata safiya tana shara tsintsiya ta faɗi daga hannunta, ita ma ta bi ta. Baki ya karkace, hannu da ƙafar hagu suka saki.

Nan take gida ya rabu biyu, wasu suka ce iska ce ta buge ta a nemo mai ruƙiya, ƙanena mai bi na yace addu'a za a yi amma asibiti za a kai ta yanzun nan. Allah ya yi masa albarka da ya kafe. Daga asibitin cikin gari aka tura mu Kano, a asibitin Malam Aminu Kano aka yi mata hoton kai, likita yace jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi yasa hagu ya mutu, dan kowane ɓangare na kai kishiyar gefen jiki yake riƙewa. Da jinin ya daidaita aka sallame mu da magani, aka ce a riƙa kawo ta gashi, wato motsa mata gaɓoɓin da suka shanye. Tana magana amma baki a lauye, bata iya tashi zaune, bata iya juyawa, fitsari ma wani lokacin sai dai ta ji ɗumi.

Da muka dawo gida Gwaggo ce ta karɓi ɗakin, ita da autarmu da a lokacin ko aure bata isa ba. Ni aka ce in tsaya a madafi da wajen wanki, wai ina 'yar fari ina shiga ɗakin uwa tana kwance ba sutura. Ita ma Inna in na leƙa sai ta ja zani da hannunta mai lafiya ta rufe fuska. Gwaggo tsohuwa ce bata da ƙarfin ɗaga mutum, auta kuma yarinya, saboda haka a rigingine Inna take kwana take wuni, a goge mata fuska da ƙirji da ƙafa, a zare zanin da ya jiƙe a tura wani. In an ce a juya ta sai Gwaggo tace a ƙyale baiwar Allah ta huta, ai bata ce ko'ina yana mata ciwo ba. Ɗaki ya fara wari, aka ƙara turaren wuta.

Wata malamar asibiti ce, 'yar garinmu da take aiki a ƙaramin asibitin, ta biyo bayan ta tashi daga aiki ta auna mata jini. Tana shiga ta tsaya ta shaƙi iskar ɗakin tace "Gwaggo, yaushe rabon da a duba bayanta?" Kowa yayi shiru. Ta leƙo ta kira ni tace in zo in kama mata, ba ruwanta da wata 'yar fari. Muna juya Inna na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Can ƙasan baya, saman mazaunai daidai kan ƙashi, fata ta buɗe ta zama gyambo faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, yana ruwa, gefensa yayi baƙi. Diddigen hagu ma ya tara ruwa yayi duhu.

Malamar ta zaunar da mu a tsakar gida tayi mana bayani dalla dalla. Tace mai lafiya ko barci yake yana juyi bai sani ba, shi kuwa wanda ya kasa motsi nauyin jikinsa yana matse fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa shiga wajen, naman ya mutu, kuma sau da yawa daga ciki yake fara lalacewa kafin a gani a waje. Ga danshin fitsari da gumi suna jiƙa fatar su sa ta yi laushi ta saɓule. Tace wuraren da ake dubawa kullum su ne ƙasan baya, ƙashin ƙugu dama da hagu, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya, har bayan kunne. Ta faɗi wani abu da ban manta ba, tace a littafi ana cewa a duba inda yayi ja, to mu baƙar fata ba lallai mu ga ja ba, sai dai ki ga wajen yafi sauran jiki duhu ko yana sheƙi, in kin taɓa ki ji shi da zafi ko tauri. Tace irin wannan gyambon in aka bar shi yana cin nama har ƙashi, ƙwayar cuta ta shiga jini, mutum ya tsira daga shanyewar jiki gyambo ya kashe shi. Maganinsa na farko kuma ba a kemis yake ba, juyi ne, duk awa 2, dare da rana.

Daren nan ban runtsa ba. Ina ta tunanin matar da ta yi shekara da shekaru tana kauce wa ido na, yanzu ace ni zan tsaya a kanta in wanke mata gaba da baya. Ni kaina jikina rawa yake. Amma na duba gidan kaf ban ga mai yi ba, matan ƙannena kowacce da goyo kuma suruka tafi ni jin nauyi, auta bata da ƙarfi. Da asuba na kira maigidana a waya na roƙe shi ya bar ni in zauna sai yadda hali yayi, yace "je ki yi, uwa ba ta da canji", na tura manyan yara wajen kishiyata na riƙe ƙaramar.

Na shiga da ruwan ɗumi a baho na durƙusa nace "Inna ki yi haƙuri, daga yau ni zan riƙa yi miki." Ta juya fuska bango tace "ke fita, a kira min Gwaggonki." Nace "Inna Gwaggo bata iyawa." Tace "to gara in mutu." Wallahi sai da hawaye ya zubo min, amma ban fita ba. Nace "Inna ba zan kalle ki ba, ke ma kar ki kalle ni, bayanki kawai zan tsaya." Tayi shiru, na ɗauki shirun a matsayin izini.

Daga nan na gano yadda ake wa mutum wanka ba tare da an tsiraita shi ba, kuma ina ganin wannan ne ya sa ta daina faɗa. In saki labule in kori yara, in lulluɓe ta da babban zani, inda zan wanke kawai nake buɗewa in gama in tsane in rufe sannan in buɗe na gaba. Fuska farko ba sabulu, sai wuya da hannuwa da hammata, ƙirji da ƙarƙashin mama inda gumi yake taruwa ya dafa fata, ciki, ƙafafu har tsakanin yatsu, in juya ta in yi baya. Sai in zubar da ruwan in sako sabo da wani tsumma na daban saboda gaba, shi kuma daga gaba ake gogewa zuwa baya ba a dawowa, dan kar a kwaso ƙazanta a kai mafitsara. Hannunta na dama tunda yana aiki sai in miƙa mata tsumman ta ƙarƙashin zani tayi abin da zata iya da kanta, ni in ƙarasa. Ba a dirzawa da soson buhu, fatar tsoho mai kwanciya bata ɗauka, dannawa ake yi da tawul har ta bushe. Ruwan kuma da gwiwar hannuna nake gwada zafinsa, saboda gefen da ya shanye baya jin zafi sosai, zaki iya ƙona ta bata ce uffan ba. Wannan ne ya haɗa ni da wata maƙwabciya da ta dage sai an gasa mata ƙafar da tafasasshen ruwa da ganye wai jini ya tsinke, nace a'a, tayi fushi ta daina shigowa, na bar ta da fushinta.

Juyin shi ne aikin da yafi cin rai. Da rana da sauƙi, na ɗaura shi da lokutan sallah da tsakaninsu, da dare kuma alam na waya, wayar da sai an kai caji shagon mai sola. Na samu gawayi ina yin alama a bango dan in auta ta karɓe ni ta san gefen da ake. Saboda gyambon mun daina kwantar da ita a baya gaba ɗaya, sai dai lokacin cin abinci a jingina ta zaune. Ba a kwantar da ita cak a kan ƙashin ƙugu, ɗan kishingiɗa ake yi a tokare bayan da filo, a sa wani filon tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sangalin ƙafa yadda diddige zai zama a iska bai taɓa katifa ba. Filo bai ishe mu ba, na ɗinka buhunan atamfa na cusa tsofaffin kaya. Malamar ta nuna mana a shimfiɗa zani mai ƙarfi ninki biyu a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga, ba a jan ta a kan shimfiɗa dan ja yana yage fata. Kuma ba a taɓa kama hannun da ya shanye a ja, kafaɗar tana iya gocewa. In za a sa riga hannun mara lafiya ake fara zurawa, in za a cire shi ne na ƙarshe.

Shimfiɗa kuwa leda muke sawa a kan katifa, amma ba a barin fata ta taɓa leda, sai an rufe da tsohuwar atamfa mai laushi a ja ta sumul, dan ƙududdugar zani ko ɓarɓashin abinci ma yana cin fata, ga kiyashi da yake biyo shi. Da ta jiƙe ake canzawa ko ƙarfe nawa ne, a wanke ta a tsane a shafa basilin siriri inda fitsari yake taɓawa, sauran jiki man kaɗanya. Inda yayi duhu ba a murza shi. Gyambon kansa malamar ce take zuwa wankewa da ruwan gishiri irin na asibiti ta rufe da bandeji, da baƙin naman ya ƙi fita sai da muka koma asibiti aka kankare shi. Shawarwari kam mun sha su, wannan yace a barbaɗa garin kafso, wancan yace toka, wani har baƙin mai na inji. Duk wanda ya kawo nasa sai in ce an gode in ajiye a bayan ɗaki.

Sai ga wata sabuwa, Inna ta daina shan ruwa ta rage cin abinci. Mun zaci ciwon ne, ashe dabara ce, wai dan kar tayi fitsari ko bayan gida in zo in kwashe. Leɓe ya bushe, fitsari yayi ja yana wari, ciki ya ɗaure kwana da kwanaki. Auta ce ta jiyo tana faɗa wa Gwaggo. Ban ce mata komai ba, liman na sa aka roƙa ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa yace "Hajiya, jikin nan amana ne, kuma ladan da yaran nan suke samu kar ki tauye musu." Shi ne kuma ya warware mata damuwar sallah, dan kuka take tana cewa ita ba tsarki, ya karanta mata hadisin da Annabi (SAW) yace a yi sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance a gefe. Muka gyara gadon yadda in tana kan dama tana fuskantar gabas, ranar da alwala ta yi wuya ga dutsen taimama a kusa da filo. Daga ranar ta fara karɓar kofi. Na kuma koyi miƙa mata fo a kan lokaci, da asuba da bayan kowane abinci, in fita in ba ta wuri, sai jiƙa shimfiɗa ya ragu sosai.

Ba a ba ta komai a kwance, ko rubutu ne sai an tashe ta zaune an tokare ta, saboda masu wannan ciwon haɗiya tana musu wuya, in suka ƙware abin huhu yake tafiya ya zama ciwon haƙarƙari da zazzaɓi. Ruwa tsararo yafi ƙware ta, kunu mai kauri yafi wucewa lafiya. Cokali ƙarami, ta gefen baki mai lafiya, in ta gama ta zauna kamar minti 30 kafin a kwantar. Sai in sa yatsa da tsumma mai tsafta in duba kuncin hagu dan abinci yana maƙalewa a nan bata sani ba, in goge mata haƙora da buroshi mai laushi da ɗan makilin safe da dare. Malamar tace gyambo baya cikewa da koko zalla, sai abin da yake gina jiki, sai muka koma kunun gyaɗa, faten wake, awara, ƙwai in kaji sun yi, kifi in an samu, zogale da gwanda saboda ciki. Gishiri da magi kuma aka rage saboda jinin.

Bari in ce wani abu a kan 'yan dubiya, kuma wanda ya ji haushi yayi haƙuri. Zuwa dubiya sunna ce, amma a cika ɗaki mutum goma ana hira har lokacin juyi ya wuce, wata ta toshe hanci da mayafi a gaban mara lafiya, wata tace "wance ma haka tayi bata kai kaka ba", wannan ba dubiya bace. Kunnen Inna ras yake, duk tana ji, in sun tafi tayi ta hawaye. Kuma lemon kwalba da ake jibgewa ba shi muke nema ba. Wadda bazan manta da ita ba wata matar maƙwabcinmu ce talaka, bata taɓa kawo ko sisi ba, amma duk bayan kwana biyu zata zo ta kwashi zannuwan da suka ɓaci ta wanke ta shanya a rana ta ninke ta tafi. Mai son taimakon masu jinya ya kawo omo da sabulu da safar hannu, ko jarkar ruwa, ko ya karɓi dare ɗaya.

Farkon 2023 da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace, mun ga tashin hankali. Famfas na manya sai an shiga gari, ga tsada, ga mai kemis yace taransifa bata shigo ba. Ƙanena ya kai akuya kasuwar Gujungu ya dawo da ita dan ba mai tsabar kuɗi. Muka koma tsumma da rana, famfas sai dare ko ranar zuwa gashi. An ce mana akwai katifar iska da take hura kanta tana saki, amma da lantarki take aiki, mu ina muka ga wuta. Hunturu kuma ga sanyi ga ƙura, fata tana tsagewa, Gwaggo tana son a kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe ƙofa, na hana saboda hayaƙin yana kisa, sai dai a ɗumama ɗakin a fitar, a sa mata safa da bargo, wanka kuma sai hantsi ya dubi ludayi. Bazara ta shigo da nata, gumi da leda, sai fifita da goge jiki sau da yawa a wuni, ga ƙuda, gidan sauro ko da rana a sake yake.

Ni kaina na kusa kwantawa. Bayana ya riƙe, barci ya zama gutsi gutsi, wani daren in alam ya buga sai in ji kamar in jefa wayar rijiya. Akwai ranar da na gama canza shimfiɗa tsaf ta sake ɓatawa nan take, na fita bayan rumbu nayi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo na sake. Duk mai jinyar da tace miki bata taɓa jin haka ba ta ɓoye miki ne. Da na ga zan faɗi sai na tara ƙannena maza nace kuɗin da kuke turowa Allah ya saka, amma kuɗi baya juya mutum ƙarfe 2 na dare. Mai bi na yace "Yaya, mu maza ta yaya?" Nace juyi ba wanka bane, tana lulluɓe, zani kawai zaku kama. Aka raba dare, kowa da nasa. Su ne ma suka fi ni iya motsa mata gaɓoɓi yadda likitan gashi ya nuna, a miƙe yatsu a lanƙwasa, gwiwa, kafaɗa a hankali, kullum, dan in aka bar hannu a dunƙule haka zai sandare.

Ranar Juma'a nake mata tsifa in wanke kai a baho tana kwance kan ya ɗan leƙo bakin gado, in yi mata kitso manya guda biyu gefe da gefe dan kar ƙulli ya zauna a ƙeya, in yanke farce, in sa mata kwalli. Da ta fara cewa a ƙara mata lalle a hannun dama na san ran ya dawo. Masu jiran in ce ta kira sunana su yi haƙuri, har gobe "ke" ce, sai dai yanzu in na makara tana tambayar auta "waccan bata zo ba?"

Diddigen ya warke da wuri, na bayan ne ya ja lokaci yana cikowa daga ƙasa a hankali, sai bayan ƙaramar sallar 2023 ya rufe ya bar tabo. Wajen har yanzu bashi da ƙwari, malamar tace inda ya taɓa buɗewa yafi saurin sake buɗewa, saboda haka kullum da safe sai an duba. Hannun hagu bai dawo ba, ƙafar tana ɗan motsi, tana zama a kujera in an ɗaga ta, tana cin abinci da kanta, maganin jini kuma ba fashi, auta ce mai riƙe da shi. Na koma ɗakina, ina zuwa in yi kwanaki in karɓi matan ƙannena da yanzu duk sun iya. An kira ni gidaje biyu a garin in nuna musu juyi da wanka, ɗaya tsoho ne da ya karye a ƙugu, na je na nuna wa 'ya'yansa maza a jikin ƙaramin yaro. Abin da muke nema yanzu keken guragu ne dan ta riƙa fitowa tsakar gida, sai dai ƙofar ɗakinta ta yi ƙunci kuma akwai dokin ƙofa, sai an fasa an faɗaɗa. Ƙanena yace a bari sai kaka in an sayar da riɗi a haɗa da gyaran katangar gaba ɗaya.